An Dawo da Kaya daga Roni

Sallama gare ku, masu bin labarin nan nawa. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Na'Allah, ina sayar da atamfa da leshi da zannuwan gado a kasuwar Kazaure. Shekarata arba'in da tara. Matata Tasalla ta rasu shekara uku ke nan, ban sake aure ba. Abin da zan faɗa muku yau ko abokan zamana na bakin shago ban faɗa musu ba, don na san halinsu, sai sun gama dariya sannan su jajanta min.

Shekara ashirin da biyu na yi ina sana'ar nan a kan magana ɗaya: in ka ɗaga zane ka duba, ka murza shi, ka biya ka fita, to ya zama naka. Ko da kuka ka dawo ba na karɓa. Har allo na sa aka rubuta min na rataye a ƙofa. Ana nan babbar 'yata Jannatu ta yi aure nan cikin gari, ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, mijinta ya yarda ta riƙa zuwa shago. Ita ta kawo mana cinikin waya. Sai ta ɗauki hoton zane ta sa a wasaf, mata daga Roni da Gwiwa da Babura su zaɓa su turo kuɗi, mu ɗaure kaya mu ba direba ya kai musu. Wata uku da farawa ta sauke allon nan nawa ta cusa shi ƙarƙashin benci.

Mun yi rigima sosai a kai. Ta ce wadda ta saya a waya ba ta taɓa zanen da hannunta ba, hoto kawai ta gani, hoto kuwa yakan canza kala, don haka dole ta samu damar dawo da shi. Ta ce har hukuma ma tana bayan mai saye a irin wannan ciniki. Na ce hukuma ba ita ta ba ni jari ba. Ta ce to babu matar da za ta tura kuɗinta ga wanda ba ta gani ba in ta san babu gyara. A ƙarshe ita ta yi nasara, don ciniki ya nuna gaskiyarta. Ta tsara sharuɗɗa tana tura wa duk sabuwar mai saye. Kwana bakwai gare ki. Kada ki wanke, kada ki yanka, kada ki cire lamba. In kin buɗe bakin ƙunshi kika ga ba abin da kika zaɓa ba ne, kada ki zazzage, ki ɗaure shi yadda ya zo ki ba direba. Za a canza miki ko a mayar miki da kuɗinki, in kuma laifin shago ne, kuɗin motar ma shago zai biya. Ni kuma ta kafa min nawa guda ɗaya: kada in kuskura in tura wa mutum wani abu a madadin wanda ya zaɓa ban tambaye shi ba. Na ce na ji. Jin kawai na yi.

A cikin masu sayen wayar nan na san Malama Mas'uda. Malamar firamare ce a Roni. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara mata biyu, tana zaune a gidan ƙanin mahaifinta, Baffa Lauwali. Wata takwas tana saye a wurinmu, ko ƙyalle ba ta taɓa dawo da shi ba. Muryarta na fara sani. In Jannatu ba ta nan ni nake sauraron saƙonnin murya, tunda karatun boko a aji uku na ajiye shi, rubutu mai tsawo sai na zauna na bi shi a hankali. Yawancin mata sai su yi minti uku suna gaishe ka da tambayar yara, duk don su ce a rage musu. Ita kuwa sai ka ji ta ce, "Ina kwana Alhaji. Na uku daga sama, turmi ɗaya. A faɗa wa Haladu kada ya ɗora buhun albasa a kai." Shi ke nan ta gama. Haladu shi ne direban da ke kai mana kaya Roni. Na ce a raina, wannan matar ta san abin da take so.

Wata rana na ce wa Jannatu ina da uzuri a Roni, a ba ni kayan Malama in kai da kaina. Ba ni da wani uzuri, Jannatu ma ta sani, don ta ce in sa shaddar nan ruwan toka ba wannan da kwala ta ƙoƙe ba. Daga nan na koma sau biyu, a zauren Baffa Lauwali muke zama, ita a kujerar roba, ni a dardumar da ake shimfiɗa min. A zuwa na uku ta fito da mayafi ruwan hanta. Ni ban iya daɗin baki ba. Tasalla, Allah ya jiƙanta, mun yi shekara ashirin da huɗu tare ban taɓa ce mata ta yi kyau ba, iyakata in ce miya ta yi daɗi. Amma ranar bakina ya kufce na ce wa Mas'uda wannan kalar tana karɓarta. Ta yi dariya ta tambaye ni wa ke magana, mai atamfa ko mai neman aure. Na ce duka biyun. Sai ta daina dariyar ta ce in ba ta lokaci ta yi shawara, don ba ita kaɗai ba ce, akwai yara.

Adda ce ba ta so. Adda yayata ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayenmu, har yau in ta shigo shago sai na tashi daga kujerata na ba ta. Ta ce 'yar boko mai albashi ba za ta zauna da ɗan aji uku ba, wasa take da ni don a riƙa yi mata ragi. Akwai wata Abu a Gwiwa, 'yar ƙawarta, bazawara, ita take so in aura, ta yi min maganarta ta fi sau goma. Da ta ga na kafe sai ta ce to in aika da toshi a gani. In ta riƙe, Adda za ta yi shiru. In ta dawo da shi na san matsayina. A wajenmu haka abin yake, mace in ba ta son mai nemanta ba sai ta buɗe baki ba, kayansa take mayar masa, kowa ya gane.

A satin da abin ya faru Jannatu ta tafi Babura jinyar surukarta, ta bar min wayar shago. Ranar Lahadi Mas'uda ta turo hoton wata atamfa mai zanen ganye, ruwan hanta, ta turo kuɗinta. To da safiyar ranar na sayar da turmin ƙarshe na wannan kalar a shago, ban cire hoton ba. Saura ja. Zane ɗaya, kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya. Da a gabana mai saye take, minti biyu ya ishe ni in sa ta yarda jan ya fi. Na ce ai ba komai, na ɗauko jan.

Toshin kuma na riga na haɗa shi: leshi fari mai duwatsu wanda na ɓoye tun zuwan kaya ban sa shi a hoto ba, mayafi, takalmi, turare kwalba biyu, da 'yan kunne na yaran. Na zuba su a baƙar leda na ƙulle, na sa a ƙasan ƙaramin buhu, na ɗora atamfar a sama ta rufe su, na ɗinke baki. Za ku ce me ya hana ni raba su. Haladu baki gare shi, in ya ga ƙunshi biyu kafin la'asar duk tasha ta san Na'Allah ya aika toshi Roni. Kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin mota ɗaya ya fi biyu sauƙi. Ban kuma faɗa mata akwai wani abu a ƙasa ba. Kunya ta hana ni. Na ce in ta zazzage za ta gani.

Litinin da safe kaya suka tafi. Talata bayan azahar ina zaune, Adda tana kan kujerata ta biyo daga gidan suna tana shan ruwan leda, sai ga Haladu da buhun a kafaɗa. Tun daga bakin layi yake magana, maƙwabtan shago duk suna ji.

"Alhaji, ga kayan Malamar Roni, ta ce a dawo maka da abinka. Ta ce kuɗin motar ma kai za ka biya."

Na biya shi. Ya tsaya yana jiran hira, na ce ya tafi yana da fasinja. Adda ta jira sai da ya ɓace. Ta ce in buɗe. Na farke ɗinkin, na ɗaga atamfar, ga baƙar ledar nan a ƙasa da ƙullin da na yi mata da hannuna.

Adda ta ce, "Ko kwancewa ba ta yi ba, Na'Allah. Ko ta ga me ke ciki ba ta so. Kuma a hannun Haladu, a tsakiyar kasuwa."

Ta ce da mutuniyar kirki ce da ta aiko wata tsohuwa ta kawo gida a rufe. Ta ce ita dai ta faɗa tun farko. Ta ce har kuɗin mota, don a nuna min iyakata. Duk ina jin ta. Sai na ɗauko wayar shago, na ga saƙon Mas'uda a saman gilashin wayar tun safe, rubutu ne ba murya ba. In ba ka buɗe saƙo ba layin farko kawai waya take nuna maka. Na bi shi da yatsa: "Salam Alhaji. Na dawo da kayan da ka aiko, don gaskiya ba su yi min ba..." A nan ya yanke.

Ban buɗe ba. Ku ji da kyau, ba wanda ya hana ni. Dannawa ɗaya ce. Amma na ce a raina ba zan zauna ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya a gaban Adda don in karanta yadda aka ƙi ni ba, ba kuma zan kai wa wani ya karanta min ba. Atamfar ja da na musanya kuwa ko tunawa da ita ban yi ba, wallahi. Na tafi wurin mai POS na tura mata kuɗinta cif. Na zagaya bayan shago inda ba kowa, na shiga wurin saƙonta na danne maɓallin murya, ban ko ɗaga ido na kalli rubutun da ke sama ba. Zan rubuta muku abin da na ce yadda na faɗe shi, ba zan gyara ba.

"Malama, kaya sun iso, na gane. Da ma ba roƙo na zo yi ba. Na tura miki kuɗinki. Shekara ashirin da biyu ina kasuwa, na san kwantai in na gan shi, da ragi nake rabuwa da shi. Mai shekarunki da yara biyu in ta samu mai tayawa godiya take yi. Kada ki sake neman layin nan."

Kwantai, ga wanda ba ɗan kasuwa ba, kayan da suka daɗe a shago ne kowa ya ɗaga ya ajiye. Na tura. Ba a yi minti goma ba waya ta nuna an saurara. Ba amsa. Na koma na ce wa Adda na gama da ita. Adda ta sa min albarka, ta ce gobe ma za ta shiga Gwiwa.

Kwana uku na yi ina jin kaina namiji. Abinci dai ba ya wucewa, amma na ce zafi ne.

Juma'a da hantsi Jannatu ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan dilar zannuwan gado ta karɓi waya, tana bin saƙonni ɗaya-ɗaya don ta ga wa aka sallama wa aka bari. Ta yi min faɗan wata 'yar Babura da na manta ban ba ta amsa ba. Can sai ta tsaya a kan saƙon Mas'uda. Ta tambaye ni me ya sa aka mayar wa Anti Mas'uda kuɗi alhali canji ta nema. Na ce wane canji. Ta ɗago ta dube ni, ta ce in zauna. Ta karanta min da ƙarfi, tun daga farko.

"Salam Alhaji. Na dawo da kayan da ka aiko, don gaskiya ba su yi min ba, ruwan hanta na zaɓa, wannan kuwa ja ce. Bakin buhun kawai na buɗe na gani na mayar na ɗinke, ban zazzage ba, kamar yadda Jannatu ta ce a riƙa yi. Ba kuɗi nake so ba, a nemo min ruwan hantar ko za a daɗe, amma in da hali kafin Asabar ta sama. Ita nake so in ɗinka in sa ranar, tunda wani mai atamfa ya ce tana karɓata. Na gama shawara. Baffa ya ce ka turo manyanka ranar."

Jannatu ta ce to ni me na ce mata, ta ga saƙon murya a ƙasa. Na ce kada ta kunna. Ta kunna. Muryata ta cika shagon, ni da kaina ina jin yadda na ja kalmar nan don ta shiga sosai. Jannatu ta rufe bakinta da gefen mayafi har ya ƙare. Na ce ta goge shi maza. Ta ce gogewa ba ta da amfani, an riga an ji tun Talata.

Sai ta ce, "Baba, da Mama wani ya faɗa wa wannan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta fara jera atamfofin da ba su buƙatar jeri.

Na ba ta labarin ledar. Ta ce sau nawa ta ce kada in musanya kaya, sau nawa ta ce kada a haɗa kayan oda da wani abu. Ta ce matar nan ita kaɗai ce a cikin masu sayenmu take bin sharaɗi harafi da harafi, wasu sai sun ɗaura zanen sun je biki sannan su ce bai yi ba. Wato bin ƙa'idar shagona ne ya hana ta ganin toshina, ni kuma na saka mata da wannan.

Na kira layinta sau huɗu, yana shiga ba a ɗauka. Asabar na zaga kasuwa har na samu ruwan hantar a wurin wani maƙwabci, na saya a farashin da ya ga dama. Na je wurin Adda na faɗa mata komai, na roƙe ta ta raka ni Roni, tunda bakin babba ya fi nawa. Tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce Allah ne ya raba, ita ba ta zuwa ban haƙuri gidan da ba a ɗaura komai ba. Ta ce kuma ta riga ta faɗa wa mutanen Gwiwa ina nan zuwa ganin Abu, kada in sa ta zama ƙaramar mutum. Na ce ni ban aike ta ba. Ta ce ni na ce na gama da waccan, a gabanta, da bakina. Wannan gaskiya ne.

Lahadi bayan la'asar na hau babur ni kaɗai na tafi Roni, atamfar da baƙar ledar a ɗaure a baya. Baffa Lauwali yana zaune a ƙofar gida a kan buzu, dattijo ne mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Jannatu, bai ce a kawo min darduma ba. Na ce, Allah ya ƙara girma, kuskure na zo in bayyana. Na faɗa masa daga farko har ƙarshe, ban rage laifina ba. Na tashi zan kwanto ledar ya gani, ya ce in bar ta a kan babur. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce maganar ba tasa ba ce, ya aika a kira ta.

Ta fito da hijabi baƙi har ƙasa, ba kwalli, da jan biro a hannu, da alama littattafan yara take dubawa. Ta tsaya a bakin zaure ba ta zauna ba. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙon maigida. Na sake maimaita mata labarin. Da na zo kan ledar ta ce ita ba ta san da wata leda ba, ta ji buhun da nauyi ta ɗauka kwali aka sa a ƙasa. Na miƙa mata atamfar na ce ga ruwan hantar na samo.

Ta ce, "An mayar min da kuɗina, Alhaji. In an mayar da kuɗi ciniki ya ƙare. Ba haka sharaɗin ya ce ba?"

Na ce ba ciniki ba ne wannan, kyauta ce. Ta ce ta gode, tana da zannuwa. Na ce ta yi wa Allah ta yi haƙuri, ɓacin rai ne, ban san abin da na faɗa ba. Sai ta dube ni, tun fitowarta sai lokacin ta fara dubana ido cikin ido.

"Da saƙonka ya shigo ina tsakar gida. Na ɗauka amsar ranar Asabar ce. Na kira Inna matar Baffa, na kira yaran, na ce su zo su ji abin da Alhaji zai ce, na ƙure muryar waya. Tare muka saurara har ƙarshe, don hannuna ya kasa kashewa. Da ya ƙare Sadiyya ta ce, Umma, mene ne kwantai?"

Sadiyya ita ce babbar 'yarta, shekararta goma sha ɗaya. Ita ce take kawo min ruwa in na zo, har ta fara ce min Baban Kazaure.

Na ce in an kira min ita zan ba ta haƙuri da kaina. Mas'uda ta ce a'a, ta riga ta yi mata bayani, ta ce mata kayan shago ne. Ta ce ta yarda buhun kuskure ne, atamfar kuskure ce, rashin karanta saƙon ma ta yarda. Ta ce amma maganar ba a buhu ta zo ba. Ta ce mutum ba ya ƙirƙiro irin wannan a minti ɗaya, sai in da ma yana ajiye da ita, kuma ita abin da take tunani shi ne ranar da za ta ɓata min rai a cikin gidana, yaranta suna tsakar gida. Na so in rantse ba haka nake kallonta ba, amma ban san daga ina kalmar ta fito ba in ba daga cikina ba. Ta ce a gaida Jannatu, ta koma ciki.

Baffa Lauwali ya rako ni har wurin babur, abin da bai taɓa yi ba. A nan ya faɗa min sauran. Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya shekara yana nemanta. Satin da ya wuce ta ce wa Baffa ya ba shi haƙuri, ta tsayar da ni. Baffa bai samu zuwa ba saboda ciwon ƙafa. Ranar Laraba ta ce masa ya dakata, kada ya kai saƙon. Ta ce Juma'ar nan mai zuwa bayan masallaci za ta faɗa masa abin da ta yanke, a kan mu biyun. Ya ce shi ba zai matsa mata ba ko ta wane ɓangare, ba yarinya ba ce. Ya ce in tafi da kayana, in sun zauna a gidan za a ce an karɓa.

Na dawo da su Kazaure, dawowar toshin ta biyu ke nan. Suna nan ƙarƙashin benci.

Tun ranar nake shago kamar ba na nan. Jiya wata ta zo da zanen gadon da ta saya a hannu wata guda da ya wuce, har an wanke shi, ta ce bai yi mata ba, na karɓa na ba ta kuɗinta. Jannatu ta ce wannan ba ya cikin sharaɗi, na ce ta bar ta ta tafi. Adda ta aiko sau biyu a tambaye ni ranar da zan je Gwiwa. Haladu ya leƙo yana tambaya ko Malamar Roni ta daina saye ne, kwana biyu bai ga kayanta ba, na ce ya je ya tambaye ta.

Jannatu ta ce in daina kira, in yi mata saƙon murya guda ɗaya mai kyau, tunda da murya na ɓata. Na gwada. Na zagaya bayan shago, daidai inda na tsaya waccan ranar, na ɗauka na goge, na ɗauka na goge. Duk wanda na saurara sai in ji kamar ina tallar atamfa. Waccan maganar a numfashi ɗaya ta fito min, wannan kuwa kwana uku ina nema. Yau Alhamis da hantsi na haƙura na faɗi abin da ya zo. Na ce ni ne na yi laifi ba ita ba, ba Adda ba. Na ce ko ba za ta aure ni ba ta faɗa wa Sadiyya mutumin nan ƙarya ya yi. Na ce ban iya magana ba, iyakar abin da na iya ke nan. Na tura.

Ku da kuka san waya kun san 'yar alamar nan da ke fitowa a gefen saƙo. In ta zama biyu ya isa wayar mutum. Tawa ɗaya ce tun hantsi. Na yi azahar na duba, ɗaya. Na yi la'asar na duba, ɗaya. Hoton yaranta da ke saman sunanta ma babu shi, sai farar da'ira. Na miƙa wa Jannatu na tambaye ta me hakan yake nufi. Ta karɓa ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta ce wataƙila caji ne ya ƙare mata, Roni ba su cika samun wuta ba.

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ta kife wayar a kan kantar shago, ta ce in je in ci abinci.

Gobe Juma'a.